Jan Bulon Gidan Maiwada

Ruwan farko mai ƙarfi na daminar 1955 ya sauka a Makarfi ranar kasuwa, tun daga asuba har hantsi. Sufeto Tukur na 'yan doka yana masauki, kwanansa biyu da zuwa rangadi daga Zariya. Yana ta mitar yadda ɗakin ke yoyo daidai kan takardunsa, sai ga Kofur Ahmadu ya faɗo ko sallama babu.

"Yallaɓai, gini ya faɗa wa mutum a sabon gidan Alhaji Maiwada. Ya cika."

"Wane ne?"

"Wani dattijon Bafillace, Bobbo, daga rugar bayan ƙauyen Taba. Jama'a sun yi wa maginin ca, suna neman su illata shi. Na sa an kai shi caji ofis."

Sufeto ya ɗauki hularsa da sanda. Abin da ya fi ƙi a aikinsa shi ne a kawo masa mai laifi tun bai ga laifin ba, kuma a ƙauye kusan kullum haka ake yi masa.

Gidan yana kallon bakin kasuwa. Alhaji Maiwada mai sayen auduga ne. Ya je Zariya ya ga gine-ginen reluwe na jan bulo, ya dawo gida amma ransa na can. Gidansa na tubalin ƙasa ne kamar na kowa, fuskar zauren kaɗai yake so ta fito ja, jeri-jeri, yadda duk wanda ya shigo kasuwa zai tsaya ya tambaya gidan wane ne.

Fuskar ce ta faɗi. Bangon ƙasa yana nan tsaye tsirara, jan bulon da aka jera masa a gaba ya zube daga sama har ƙasa ta hagun ƙofa, faɗin kamu shida. Ta dama ko gezau bai yi ba.

An ja gawar gefe an lulluɓe da bargonta. Kusa da ita ga sandar kiwo, ga wani ɗan ƙoƙon man shanu da ya fashe, man ya cakuɗe da garin bulo. Sufeto ya ɗaga bargon ya duba, ya yi addu'a, ya ba da izinin a yi masa sutura.

Alhaji Maiwada yana tsaye yana ta salati, babbar rigarsa duk taɓo.

"Alhaji, wa ya zaɓi irin wannan ginin?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Amma ba da ka na zaɓa ba. Ni ko auduga ba na saye sai na murza. Gwaji kala uku na sa aka yi mini. Zo ka gani."

Ya ja shi zuwa bangon gefe. Can aka yi fage uku a jere, kowane kamu biyu tsawo, kamu biyu faɗi, dukkansu da kamannin bulo.

"Wannan na farko siminti ne aka shafe a kan ƙasa, aka ja masa layi, aka yi masa jan fenti."

Sufeto ya ƙwanƙwasa da sanda. Ya yi ƙara kamar ganga, ga tsaga ta ratsa shi.

"Ka ji ko? Siminti ba ya zama da ƙasa. Wata guda ya yi ya saki. Na biyu kuwa makuba ce, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa da jar ƙasa. Sarkin Magina Iliyasu ne ya yi da hannunsa, ya zana bulon da wuƙa."

Wannan da aka buga shi sai ya amsa kamar dutse. Layukan sun miƙe sambal. A kusurwar ƙasa akwai wani shafi na yatsu uku, a lanƙwashe kamar jinjirin wata.

"Wannan fa?"

"Haka yake rufe aikinsa. Duba duk zauren da ya yi a garin nan, za ka gani. Aiki kam ya yi, ban hana ba. Amma dubi launin, ranka ya daɗe, duhu-duhu kamar haƙorin mai cin goro. Ni ja nake so."

Na uku shi ne bulon gaske, gasasshe, wanda aka jera a tsaye siriri a jikin bango, aka kama shi da turaku. Aikin Lawal ne, maginin da ke tsare yanzu. Shi Alhaji ya zaɓa.

"Akwai wanda ya ce maka kada ka yi?"

"Babu. Kowa yabawa ya yi."

Ya faɗi haka yana duban takalminsa. Sufeto bai ja maganar ba. Ya ɗora tafin hannu a kan fagen gwajin na uku, ya ji bulon ya jiƙe amma yana nan daram. Ya koma gaban gida ya taɓa bangon da fuskarsa ta zube, sai yatsansa ya nutse kamar a cikin tuwo. Ya zura hannu bayan bulon da ya rage ta dama, nan ƙasa a bushe take har tana ƙura.

Ruwa ɗaya ya doki bango ɗaya, rabi ya jiƙe har ciki, rabi ko laima babu. Ya rubuta wannan, ya tsinci wani abu daga cikin ɓaraguzai ya sa a aljihu.

A caji ofis Lawal yana zaune a ƙasa, leɓensa a kumbure. Mutum ne mai kimanin shekara talatin da biyar, ya yi shekara tara yana gini a Zariya kafin ya dawo gida. Idan aka tabbatar ganganci ne ya kashe Bobbo, gidan yari ne makomarsa, kuma ko ya fito ba mai sake ba shi ko katangar akuya.

"Da me ka kama bulon a jikin bango?"

"Da ƙarfe, yallaɓai. Kamar yadda ake yi a Zariya."

"Ƙarfe?"

"Ƙarfe, kowane jeri uku."

Sufeto ya ciro abin da ke aljihunsa ya ajiye a kan tebur. Guntun azara ne, itacen giginya, an fiƙe bakinsa.

"To wannan ƙarfen wace maƙera ce ta ƙera shi?"

Lawal ya sunkuyar da kai. Sannan ya buɗe baki.

"Ƙarfen bai iso ba, yallaɓai, Alhaji kuma ya matsa sai an gama kafin ruwa. Sai na fiƙe azara. Na ji kunya a ce ɗan Zariya ya koma ga itace, shi ya sa na ce wa kowa ƙarfe ne. Amma wallahi ta kama. Na rataya a jiki da nauyina, ba ta motsa ba."

"Ta ina ruwa ya shiga bayan bulon?"

"Ba ta wajena ba. Na rufe kansa da siminti ruf, sai dai in daga soro ya zo."

"Wa ya yi soron?"

Lawal ya kau da kai.

"Tambayarka nake."

"Baba Iliyasu. Alhaji ya ba shi daɓen soro don ya rage masa zafi." Ya ɗago da sauri. "Amma soron Baba ba ya yoyo, yallaɓai. A hannunsa na koyi aiki tun ban iya ɗaukar tubali biyu ba. Kada a sa shi cikin wannan."

"Wane zafi aka rage masa?"

"Ranar da aka zaɓi gwajina, a gaban jama'a, Alhaji ya ce makuba aikin da ne. Baba ya ce bulona ba zai ga ƙarshen damina ɗaya ba. Aka yi masa dariya. Ni ma na yi." Ya share ido da bayan hannu. "Dariyar nan ta fi komai damuna."

Ashe dai an gargaɗi Alhaji, kuma a bainar jama'a. Sufeto bai yi mamaki ba, don ya saba da masu gida da mantuwa ke kamawa da zarar sun ga littafinsa.

Ya koma bakin kasuwa. Wani abu ne ya tsaya masa a rai. Gindin bangon nan inuwa ce mai kyau, ga ta a kan hanya, ranar kasuwa kuma, amma mutum ɗaya tak bulo ya samu. A garin da ake faɗa kan inuwar da ba ta kai faifai ba, wannan abin tambaya ne.

Ƙarƙashin tsamiyar da ke tsallaken hanya ya sami wata dattijuwa mai tallan nono, Mairama, idanunta jawur.

"Sannu, Inna. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa, ɗana. Bobbo ƙanin mijina ne."

"Allah ya jiƙansa. Kullum nan kike zama?"

"A'a. Can nake zama, inda ginin ya faɗi. Tun da aka gama ginin nake ajiye ƙwaryata a wurin."

"Me ya tashe ki?"

"Sarkin Magina. Kwana huɗu ke nan. Ya zo ya ce in kwashe kayana, wai wurin ba na zama ba ne. Na ce gidanka ne? Ya yi mini tsawa, mutumin da shekara talatin bai taɓa ɗaga mini murya ba. Shi da kansa ya ɗauko mini ƙwarya ya kawo nan. Mai ƙosai ma ya kore ta, da wanzami."

"Ta dama fa, ya kori na can?"

Ta yi ɗan tunani. "A'a. Hagu kawai."

"Yau kin gan shi?"

"Tun da na iso yana tsaye a nan, ruwa na dukansa, ko tabarma bai rufa ba, idonsa na kan gidan. Duk wanda ya nufi wajen don fakewa sai ya daka masa tsawa. Da ruwa ya ɗauke ya ɗan jima, sannan ya bi ta lungun baya, ina jin gida ya tafi ya sake riga."

"Bobbo fa?"

Sai hawaye. "Jiya ya dawo da shanu daga kudu, bai san an hana zama ba. Ya biya gidan Sarkin Magina da man shanu, aka ce masa yana wajen gidan Alhaji. Shi ya biyo ta babbar hanya, wancan ya bi ta lungu, suka saɓa. Aminai ne tun suna samari. Ina auna wa wata nono na hango shi ya zauna yana jira. Na ce bari in sallame ta in kira shi. Ban sallame ta ba, ɗana."

Sufeto ya tsaya a wurin fiye da yadda aiki ke bukata. Ya riga ya hango inda binciken zai kai shi, kuma bai so zuwa can ba.

Ya sa Kofur Ahmadu ya nemo tsani, suka hau soro. Daɓen ya yi kyau kamar cikin akushi, an karkata shi yadda ruwa zai gangara gaba, inda indararo biyu suka huda rawanin ginin, wato 'yar katangar da ta kewaye soron, suna zubarwa can nesa da bango. Na dama a buɗe yake. Ta hagu kuwa har yanzu ruwa na kwance.

Sufeto ya tsuguna ya lalubi bakin indararon hagu. A toshe yake. Kusa da shi, a gindin rawani, an huda wani ɗan rami da bai fi yatsa biyu ba, wanda ya bi ta cikin ƙasa ya sauka daidai tsakanin bango da bulo. Duk ruwan rabin soro nan ya bi tun asuba.

"Ko taɓo ne ruwa ya tara, yallaɓai?" in ji Kofur.

"Ba ni wuƙarka."

Ya zagaye abin da bakin wuƙa, ya zaro shi ɗungum. Dunƙule ne mai duhu, mai tauri, yana warin ɗorawa. Da ƙasa ce zalla, da ruwan awa huɗu ya narkar da ita ya tafi da shaidar gaba ɗaya, a wayi gari ba wanda zai iya cewa an taɓa toshe wani abu. Da wani ɗan iskan gari ne, tsumma zai cusa. Wannan kuwa an kwaɓa shi da makuba yadda ya kamata, an daidaita shi da bakin indararo kamar murfin tulu. Ya juya fuskar. Ga yatsu uku, a lanƙwashe kamar jinjirin wata.

Kofur Ahmadu ya ce, "Innalillahi."

Bayan azahar aka kai Bobbo makwanci. Sufeto ya bi jama'a. Ya ga wani tsoho dogo, siriri, ya shiga kabarin da kansa ya gyara 'yar ciki, ya hana kowa taɓawa, ya jera itace, ya yi yaɓe da hannu a hankali kamar mai gina ɗakin amarya. Ba sai an gaya masa ko wane ne ba.

Ya bari aka watse, sannan ya same shi a zaurensa. Sarkin Magina Iliyasu yana zaune a kan buzu, ƙasar kabari ba ta gama bushewa a hannunsa ba. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, Sufeto ya yi masa ta'aziyya, don ya san a duk garin ba wanda ya fi shi rashi.

"Baba, kai ka yi daɓen soron Alhaji?"

"Ni na yi."

"Yaushe rabonka da hawa?"

"Sati uku. Na gama na sauko, indararo biyu a buɗe."

"Me ya sa ka tashi Mairama daga gindin bango?"

"Na faɗa tun farko abin zai faɗi. Duk gari sun ji ni."

"Ka ce zai faɗi. Ba ka ce ta hagu zai faɗi ba. Me ya sa ba ka kori na dama ba?"

Sufeto ya kwance ƙyallen da ke hannunsa, ya ajiye dunƙulen a kan buzu, fuskar na sama.

Iliyasu ya daɗe yana duban dunƙulen. Ya kai yatsunsa uku ya ɗora a kan shafin, suka zauna cif.

"Ban san na yi wannan ba," ya ce a hankali. "Hannun ne ya yi abinsa. Shekara hamsin yana rufe aiki haka." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na ɗebo ƙasa zalla da farko, Sufeto. Sai na ji ba zan iya ba. Ban taɓa kwaɓin banza ba, ko na toshe ramin ɓera ne."

"Yaushe ka yi?"

"Ranar Asabar da rana tsaka. Na ce zan duba daɓe. Wa zai tambayi Sarkin Magina me yake yi a kan soro?"

"Ka san zai iya kashe mutum."

"Na kori kowa! Na tsaya a cikin ruwa tun asuba ina gadi. Da ya ɗauke ban ga ya faɗi ba, sai na ce to, Allah ya rufa asiri, gobe in hau in cire abina. Na tafi in sake riga. Riga, Sufeto." Ya dafe kai. "Na shiga gida aka ce Bobbo ya zo nemanka da man shanu, yanzu ya fita. Ban ko sa hannu a rigar ba na ji ƙarar."

Sufeto ya bar shi ya yi kukansa. Da ya lafa, sai ya yi tambayar da tun a kan soro take cinsa.

"Baba, abu ɗaya ban gane ba. Kai ka ce ginin ba zai ga ƙarshen damina ba. In ka tabbata, me ya hana ka zauna ka jira ruwa ya yi maka aikin?"

Iliyasu ya ɗago ya dube shi.

"Saboda da na hau soro na leƙa aikin yaron. Na taɓa turakun, na duba yadda ya rufe kan bulon." Ya girgiza kai. "Ba zai faɗi ba. Ko damina ashirin aka yi ba zai faɗi ba. Ni na faɗa a gaban jama'a, aka yi mini dariya, ga shi kuma yaron ya yi daidai. Abin da na kasa haɗiyewa ke nan."

Sufeto ya rubuta kalma da kalma, ya karanta masa, tsoho ya dangwala yatsa. Kofur ya ciro ankwa, Sufeto ya yi masa alama ya mayar. Suka fito su uku a ƙafa, tsoho a tsakiya.

Hanyar caji ofis ta gaban gidan Alhaji ta bi. Jama'a suka yi cirko-cirko. Alhaji Maiwada ya fito ya buɗe baki zai yi magana, Sufeto ya ce masa ya ajiye ta har gaban alƙali, inda za a tambaye shi ya aka yi ya manta da gargaɗin da duk gari suka ji. Iliyasu bai dubi bangon ba, bai kuma dubi tsamiyar da Mairama ke zaune ba.

A ƙofar caji ofis suka yi kiciɓis da Lawal, an sako shi. Da ya ga wanda aka kawo sai ya durƙusa a taɓo.

"Baba, ba kai ba ne. Ka ce musu ba kai ba ne."

"Tashi, Lawal."

"Ni na jawo, Baba. Ƙarya na yi, ba ƙarfe na sa ba, azara ce."

"Na sani, na gani." Tsoho ya dafa kansa. "Azara ta fi. Ƙarfe tsatsa yake yi a cikin ƙasa, shekara biyar ya saki. Ita kuwa ko gara ba ta cinta. Ka yi daidai. Da tun ranar na gaya maka haka, da yanzu ina zaure ina shan fura da Bobbo."

Ya juya ga Sufeto. "In an tafi da ni, a bar shi ya hau ya liƙe ramin nan kafin wani ruwa, kada na dama ma ya jiƙe. Akwai sauran makuba a tukunya a bayan ɗakina."

"Za a yi, Baba," in ji Sufeto.

Kofur Ahmadu ya buɗe ƙofa, tsoho ya sunkuya ya shiga. Lawal yana nan durƙushe bai tashi ba. Sufeto Tukur ya naɗe dunƙulen makuba a ƙyalle, ya rubuta masa lamba, ya sa a akwatin shaida. Washegari da sassafe motar Zariya ta zo ɗaukar tsoho.